Karatun Sifaniyanci da Fotugis: Amurka, Sifaniya ko Brazil, ina ya dace da ɗan allo?

Idan ɗalibinmu ya ce zai yi digiri na biyu ko digirin digirgir a adabi da nazarin harsunan Sifaniyanci da Fotugis, tambayar farko da ake yi masa a gida ita ce me zai ci da shi. Mu da ke zaune a nan Sifaniya abin da ya fi damunmu daban ne. Wanda ya taso da allo, yana karanta Larabci da ajami, yana riƙe da abin da sassan nazarin waɗannan harsuna ke nema ruwa a jallo, amma sai ya zo yana neman yin gasa da ɗan Madrid a kan adabin da ɗan Madrid ya karanta tun yana sakandare. Ra'ayina shi ne a zaɓi ƙasa bisa inda takardun da za ka iya karantawa suke, sannan a duba wa zai biya.

Bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492, Musulmin da suka rage a Sifaniya sun ci gaba da rubuta Sifaniyanci da haruffan Larabci har zuwa korar su tsakanin 1609 da 1614. A 1884 an gano tarin irin waɗannan littattafai a ɓoye cikin wani tsohon gida a ƙauyen Almonacid de la Sierra, kuma da yawansu suna hannun hukumar bincike ta CSIC a Madrid. Buɗe shafi ɗaya ka gani. Fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, kamar dai rubutun warshu da muka saba. Da yake Larabci ba shi da sautin "p", sai su ɗora shadda a kan ba. Sautin "c" kuma jim da shadda. Ɗalibin Turai yakan daɗe kafin idonsa ya saba da wannan hannu, ɗan makarantar allo kuwa Sifaniyancin ƙarni na 16 ne kawai ya rage masa.

A Brazil abin ya fi kusa da mu. Hausawan da aka kai Bahia a matsayin bayi suna cikin jagororin tawaye a 1807 da 1809 da 1814. A tawayen Malê (sunan da ake kiran Musulmin Afirka a Bahia) na Janairun 1835 a birnin Salvador, cikin watan azumi, Yarabawa Musulmi ne suka fi yawa, amma da Hausawa. 'Yan sanda sun cire layu da 'yan takardu masu ayoyi da addu'o'i daga jikin waɗanda aka kashe da gidajen waɗanda aka kama, har sai da suka nemo wani bawa Bahaushe ya karanta musu. Takardun da bayanan shari'ar suna ma'adanar tarihi ta jihar Bahia. Masanin tarihi João José Reis ya yi babban aiki a kai, amma wanda ya san yadda malami ke rubuta laya, da ayar da ake zaɓa don tsari, zai ga abin da wani ba zai gani ba.

Amurka ce ta fi kuɗi da tsari. Digirin digirgir yakan ɗauki shekara 5 zuwa 6, sau da yawa da yafe kuɗin makaranta da alawus da inshorar lafiya. Ana rufe karɓar takardu a Disamba ko Janairu. Za su nemi bayanin manufar bincikenka, wasiƙun malamai uku, jarrabawar TOEFL ko IELTS, da samfurin rubutu na shafi kamar 15 zuwa 25 cikin Sifaniyanci ko Fotugis. Wannan samfurin ne ke kayar da mutane, domin shi kwamitin ke karantawa da idon basira. Shekara biyu ko uku na farko kwasa-kwasai ne, sai jarrabawar cancanta a kan dogon jerin littattafai, sai kare shirin bincike. Amma alawus ɗin ladan aiki ne: kai za ka koyar da 'yan aji ɗaya Sifaniyanci, ka gyara musu takardu. Wanda harshensa bai nuna ba ba za a ɗauke shi ba, wanda aka ɗauka kuma koyarwar na cinye masa lokacin rubutu. Ga takardun tarihin suna wata nahiya, ga kuma biza da ta tsananta ga 'yan Najeriya, Nijar, Chadi da Sudan tun 2025. Kada a biya kuɗin neman gurbi sai an tabbatar da halin da dokar ke ciki.

Sifaniya akasin haka take, araha da sauri, amma ba mai riƙe maka hannu. Digiri na biyu shekara ɗaya ne, maki 60 na nauyin karatu (kiredit), da ɗan kundi a ƙarshe. A jami'o'in gwamnati na yankin Andalus da ke kudancin Sifaniya kuɗin shekarar bai kai Yuro 1,000 ba, kuma suna buɗe zagayen farko na neman gurbi a Janairu musamman don 'yan ƙasashen waje. A Madrid da Kataloniya baƙo na biya fiye da haka nesa. Galibi ana neman shaidar harshe ta DELE ko SIELE a matakin B2, wato na sama-saman matsakaici. Shawarata a kai matakin da ke gaba da shi, C1, domin B2 zai shigar da kai aji amma ba zai sa ka bi muhawarar malamai ba. Don biza sai ka nuna kusan Yuro 600 na kowane wata. Inda ake yin tuntuɓe shi ne takardu: shaidar digiri daga Najeriya sai ta bi ta ma'aikatar ilimi, ta harkokin waje, da ofishin jakadanci, sannan mai fassara da gwamnatin Sifaniya ta amince da shi ya fassara. Wanda ya fara wannan a Afrilu ya makara. Digirin digirgir shekara huɗu ne, babu kwasa-kwasai na kirki, kuma sai ka samu malamin da ya yarda ya duba aikinka tun kafin ka nema. Tallafi kaɗan ne, gasa kuma da zafi. Mai son rubutun Musulmin Andalus ya dubi Oviedo da Garnaɗa.

Brazil ce nake ganin mun fi yin sakaci da ita. Jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, har ga baƙo. Digiri na biyu shekara biyu ne, digirgir huɗu, da kwasa-kwasai da jarrabawar cancanta a tsakiya, wato tana da tsarin da Sifaniya ta rasa ba tare da nauyin koyarwar Amurka ba. Akwai shirin PEC-PG na gwamnati don ɗaliban ƙasashe masu tasowa, Najeriya na ciki, kuma jarrabawar harshen da aka sani ita ce Celpe-Bras. Alawus ɗin wata-wata na CAPES, hukumar tallafin karatun gaba da digiri, tun 2023 Riyal ɗin Brazil 2,100 ne ga mai digiri na biyu, 3,100 ga mai digirgir. A São Paulo haya za ta cinye shi, a Salvador za a iya maleji. Jami'ar tarayya ta Bahia tana da cibiyar nazarin Afirka da Gabas tun 1959, kuma ma'adanar tarihin jihar tana gari ɗaya da aji. Abin da ya kamata a sani shi ne bayanan kotu na ƙarni na 19 rubutun hannu ne mai cike da gajerce-gajerce da tsohuwar ƙa'idar rubutu, don haka a ɗauki kwas na karanta tsohon rubutu tun zangon farko. Fotugal kuma, ga ɗalibin Bahia, wurin ziyarar bincike ce: Torre do Tombo, wato ma'adanar tarihi ta ƙasa, da ma'adanar takardun mulkin mallaka suna Lisbon.

Gibin da ke gida shi ne harshen kansa. Jami'o'in Arewa da na Nijar sun fi ƙarfi a Larabci da Faransanci. A Najeriya Ile-Ife ce aka sani da koyar da Fotugis. Mai Faransanci daga Damagaram ko Marwa ya riga ya yi rabin tafiya, domin nahawun harsunan uku dangi ne. Sauran sai su ware shekara biyu cur na koyon harshe kafin su taɓa fom.

Da ni ne mai ba da shawara, zan ce digiri na biyu a Salvador ko Andalus, a fito da babi ɗaya mai ƙarfi da aka gina kan takarda ta asali. Wannan babin shi ne samfurin rubutun da zai buɗe ƙofar tallafin digirgir, a Amurka ko a wani wuri. Aikin koyarwa na dindindin a jami'o'in Amurka a wannan fanni ya yi ƙaranci sosai, don haka tun a shekarar farko a riƙa haɗawa da fassara da aikin ma'adana.