Wai Duk Hazo Ne?

Wai har yaushe za mu yi ta shaƙar hayaƙi a Kano ana ce mana ai hazo ne? Hazo ne ke cinna wa bola wuta da magariba, leda da roba suna narkewa? Hazo ne ke ƙona tsohuwar taya don babbake ƙafar saniya? Ga adaidaita sahu mai gajiyayyen inji, ga ƙaramin janareta mai shan fetur haɗe da baƙin mai a ƙofar kowane shago, mutum ya fyace hanci ya ga kamar ya kwana a murhu! Mafi muni a cikin wannan hayaƙi shi ne PM2.5, ƙurar da sirantarta ta sa gashin hanci ba ya tare ta, sai can cikin huhu, kuma tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ta wuce maikurogiram 15 a mita kubik ɗaya a yini. To wa ke aunawa? A sayo 'yar na'urar auna ƙura mai hasken leza, a kafa ta daidai bakin salansar janareta! Da damina laimar iska ta haura kashi 75 cikin 100, ƙwayoyin ƙura su sha ruwa su kumbura, na'ura ta ƙirga fiye da gaskiya. Da hunturu ƙura ta toshe fankarta, gizo-gizo ya yi saƙa a kafar shigar iska, ba mai gogewa, ba mai gwada ta da babban ma'auni. Sannan a ɗauke wuta, batirinta ya mutu daidai lokacin da unguwa kaf ta tayar da janareta, haba jama'a!