Milimita shida ne suka gagare ku?

Wallahi abin da ake jibge mana a kasuwa da sunan cajar waya ya wuce ha'inci, wasa ne da ran mutane. Duk mai shakka ya fasa ɗaya daga cikin masu arahar nan, ya zaro fanel ɗin, wato allon da aka jera kayan wutar a kansa, ya juya bayansa ya gani.

Caja gida biyu ce a kan allo ɗaya. Ɓangare guda yana karɓar wutar soket, bolt 230, wadda da ta bi ta dayod (mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) ta shiga kafasita (mai tara wuta) sai ta koma kusan bolt 325. Ɗaya ɓangaren shi ke ba waya bolt 5, kuma shi hannunka ke taɓawa ta bakin kebul. Abin da ya raba gidajen nan biyu fili ne da ake bari babu layin tagulla a kansa. Ƙa'ida ta ce filin ya kai milimita 5 zuwa 6, in wuri ya ƙure a yanka tsaga a jikin allon. To ɗora rula a kan ta bogi: za ka tarar da milimita ɗaya, wani wurin ma ɗigon dalma ya cinye rabinsa. Ƙurar hunturu ta shiga ta kwanta a wurin, damina ta zo ta ba ta laima, shi ke nan an yi wa wuta gada. Sai ta ƙona allon, gawayin da ta bari ya zame mata hanya, bolt 325 ya tsallaka zuwa wayar da yaro ke riƙe da ita. Wanda ya zana allon nan ya san haka sarai. Barin fili ba ya cin komai sai ɗan ƙarin faɗin allo, amma shi ma an yi mana rowarsa!

Cikin taransifoma ma, mai rage ƙarfin wuta ta naɗin wayar tagulla guda biyu, haka abin yake. Kamata ya yi naɗin da ke fita zuwa wayar hannu ya zama da wayar tagulla mai rufi uku, ko a raba naɗin biyu da zagayen tef da yawa. Su kuwa waya mai fenti kawai suke naɗawa, tef zagaye ɗaya, zafi ya ci fentin, naɗi ya taɓa naɗi. Kafasitar da ke haɗa gidajen biyu dole ta zama nau'in Y, wadda aka ƙera don in ta mutu ta yanke hanya. Sai a manna ta gama-gari, wadda kan mutu ta haɗe hanyar. Fiyus kuwa, alamarsa na nan an buga a allon, amma guntuwar waya ce a gurbinsa.

Sannan babbar kafasita. Mai jure digiri 105 ake bukata, sai a sa mai 85. Duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin kwanan kafasita, ga caja a rufe ruf cikin roba, ga zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri. Ba mamaki ka fasa ka ga kanta ya kumbura, ruwanta ya tsiyayo ya bushe a ƙafafunta. Ko kafasita mai jure bolt 400 ce ma, da janareta ya yi ruri wuta ta haura 280, ta kai iyakarta, kuma babu abin tsotse ambaliyar wuta ko guda a gabanta.

Haba jama'a! Masu shigo da kayan nan ba za su ce ba su sani ba, kwantena guda suke saye, ko ɗaya ba za a fasa a auna ba? Masu duba inganci a tashar ruwa fa, rula da sukundireba kawai aikin yake bukata.

In ka saƙala caja ka ga fuskar waya tana danna kanta, ko ka ji tsir-tsir a gefen ƙarfenta, ko cajar na yin ƙara siririya tana warin ƙonanniyar roba, zare ta daga soket ka farfasa ta kafin ka jefar, kada wani ya tsinta ya kai gida.