Tanka Ta Faɗi, Kun Ɗauko Jarka

Jiya da la'asar ina dawowa daga ƙauye a motar haya muka tarar hanya ta cushe. Wata tankar mai ce ta zo kauce wa rami ta kwanta a gefen titi, fetur yana bulbulowa yana gangarawa cikin lambatu kamar an yi ruwan sama. Tun daga nesa warin ya cika mota, har wata tsohuwa da ke bayana ta kama tari. Direbanmu, Allah ya saka masa da alheri, ya kashe mota ya ce kowa ya sauka ya ja da baya. To muna ja da baya, samari suna kutsawa gaba. Wani da bokitin ƙarfe, wani da robar wanki, wani ya bar babur ɗinsa a kunne ya ruga da galan biyu. Direban tankar yana tsaye da jini a goshi yana ta "don Allah ku bar wajen nan, don Annabi ku matsa", babu wanda ya ko kalle shi.

Na cafke hannun wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba. Jarkar man gyaɗa ce mai ruwan ɗorawa a hannunsa, wandonsa ya jiƙe sharkaf da fetur har gwiwa. Na ce masa, "Kai ɗan nan, ba ka ji labarin Majiya ba?" Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Baba, wannan rabo ne. In kwana ya ƙare ko a kan gado kake sai ka tafi." Ya fizge hannunsa ya shige.

Allah ya kiyaye, wuta ba ta tashi ba. Amma wallahi daren jiya ban yi barcin kirki ba, domin yaron nan zai koma gida da lita ashirin, ya sayar wa 'yan bumburutu, ya ɗauka shi ne mai wayo, ni kuma tsoho mai tsoro. Gobe wata ta faɗi, shi zai fara isa wurin, har da ƙaninsa.

Ƙannena, Majiya fa ba tatsuniya ba ce. Daren 15 ga Oktoba, 2024, tanka ta taso daga Kano za ta Nguru, ta faɗi a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a Jigawa. 'Yan sanda sun yi ƙoƙarin korar mutane, jama'a suka fi ƙarfinsu. Aka shiga kwata ana kwasa, wuta ta tashi. Washegari aka haƙa rami guda aka binne mutum fiye da 100, saboda da yawa ko iyayensu ba su iya shaida su ba. Waɗanda aka kwasa zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja da Kano suka riƙa cikawa ɗaya bayan ɗaya, har adadin ya haura 200. Akwai gidan da aka yi zaman makokin mutum fiye da ɗaya a tabarma guda. Hausawa suka ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mu kam bai ishe mu ba, domin wata uku kacal bayan nan, ranar 18 ga Janairu, 2025, aka maimaita a mahaɗar Dikko kusa da Suleja a jihar Neja. Can ma har janareta aka tayar ana juye man zuwa wata tankar, mutane sun yi dafifi da bokitai. Kusan mutum 100 suka tafi.

Kada wani ya ce mini ai ba a sani ba. Yaushe aka fara? A Oktoban 1998 bututun mai ya fashe a Jesse da ke jihar Delta, mutane suka fito ɗiba, kimanin 1,000 suka ƙone. Mafi yawanku ba a haife ku ba lokacin. A Yamai, cikin Mayun 2019, tanka ta kife kusa da filin jirgin sama, fiye da 55 suka mutu a daren. A Pakistan kuwa jajibirin ƙaramar Sallah ne a 2017, mutum sama da 200. Sun yi azumi sun kai ƙarshe, ga ɗinkin Sallah a rataye, suka fita da tukwane da bokitai ba su dawo ba. Labari ɗaya ne ake ta maimaitawa, sunan gari kawai ke canzawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yawancinku kun san fetur fiye da ni. Ku ne 'yan acaɓa, ku ne masu adaidaita, ku ne yaran gareji. Kun san ba ruwan man ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Tururin nan ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama ya watse, ƙasa yake bi yana rarrafe, ya taru a kwata da rami da ƙarƙashin mota. In hancinka ya ji warin da ƙarfi, to kana tsakiyarsa. Kuma ba ashana yake jira ba. Bokitin ƙarfe ya gogi kwalta, ya isa. Filogin babur, kan batir da ya yi tartsatsi, guntun sigarin wani da ke can gefe yana kallo, garwashin mai shayi a tsallaken titi, duk ɗaya ne. Kai ka yi taka-tsantsan, to mutum ɗari biyun da ke kewaye da kai fa? Ka ɗauki ranka ka damƙa a hannun wanda ya fi kowa wauta a wajen. Wuta in ta kama, kafin ka juya ta riga ka, ga tufafinka sun sha mai. Ina za ka?

Na taɓa zuwa dubiya ɗakin masu ƙuna. Ba na fatan ko maƙiyina ya kwanta a can. Mutum a naɗe da bandeji tun daga wuya har ƙafa, ƙishirwa na cinsa, ba ya iya kwanciya ta kowane ɓari, kullum sai an wanke ciwon yana ihu kamar yaron goye. Uban yana waje ya jingina da bango yana lissafin gonar da zai sayar. Jarka guda nawa ce? Ko a ce dubu ashirin da 'yan kai. Garin neman gira an rasa ido.

Na sani, za ku ce talauci. Ban musa ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a lokacin da abin Majiya ya faru. Ni ma a ƙasar nan nake, na san yadda ake auna masara da gwangwani yanzu. Na kuma san laifin masu bari hanyoyi su zama ramuka, da masu ɗora wa direba tafiyar kwana biyu ba barci, da tankokin da tayoyinsu suka suɗe kamar tafin hannu. An hana masu ɗaukar lita 60,000 hawa titi daga Maris ɗin 2025, to madalla. Amma duk wannan ba shi ya ɗauki ƙafarka ya kai ka cikin kwata ba. Jiya na ga wani da shadda mai maiƙo da waya babba a hannu yana ɗiba. Wannan yunwa ce? Hali ne kawai. Banza ce aka gani, an manta banza ba ta kai zomo kasuwa.

Su kuma masu ɗaga waya, ku ma ina da magana da ku. Mutum yana ci da wuta, kai kana neman inda hoto zai fi fita don ka riga kowa sakawa a TikTok. Uwa ta fara ganin gawar ɗanta a WhatsApp kafin a zo a yi mata ta'aziyya. Wace irin zuciya ce wannan? Haka in mota ta yi haɗari, kafin a ciro mai rai an lalube aljihun mamaci. Ban san lokacin da muka zama haka ba.

Kuma zancen "rabo" da "kwana ya ƙare" ku daina jingina wa addini. Allah ya hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu, yana nan a Suratul Baƙara, aya ta 195. Man nan kuma yana da mai shi. Ko tsintuwa ce ka yi a hanya, shari'a cewa ta yi ka yi cigiya shekara guda, balle kayan da mai su ke tsaye a gabanka yana zubar da jini yana roƙonka. Sunansa sata, ko da mutum dubu ne suka taru suka yi. Iyaye mata da ke miƙa wa yaro roba su ce "yi sauri kafin a kwashe", ku ji tsoron Allah. Malamai su faɗa a huɗuba, masu unguwanni su tsawata, kowa dai ya ja nasa. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Ina yaro, wata babbar mota ɗauke da buhunan gyaɗa ta faɗi a bayan garinmu da damina. Mai gari ya sa aka fito, aka ciro direba da yaron motarsa, aka kai su zaure aka ba su fura. Samari suka kwashe buhunan nan suka jera a rumfa don kada ruwa ya taɓa su, aka sa mutum biyu suna kwana a wajen har mai kaya ya zo bayan kwana uku. Wani abokina ya cika aljihu da gyaɗar da ta zube a ƙasa, ba ma daga buhu ba. Babansa ya riƙo kunnensa tun daga ƙofar gida har rumfar nan, ya sa shi ya juye ta a gaban kowa. Mutanen nan sun fi mu talauci nesa ba kusa ba, wasunsu riga ɗaya gare su.

Jiya da aka buɗe hanya muka wuce, na leƙa ta taga na hango direban tankar zaune a kan dutse shi kaɗai, ya dafe goshi da tsumma. Mutum ya fi ɗari a wajen, ban ga wanda ya miƙa masa ko ruwan leda ba.