Sojojin Fiji sun fi ƙarfin ƙasarsu, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya na da hannu

Fiji tarin tsibirai ce a tekun Pasifik, mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, ba ta da iyaka ta tudu da kowace ƙasa. Da ta samu 'yancin kai daga Birtaniya a 1970, sojojinta 'yan ɗaruruwa ne. Yau dubbai ne, kuma aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasashen waje ne ya kumbura rundunar. A 1978 suka sauka kudancin Lebanon, inda sojojin Najeriya ma suka yi aiki a lokacin, a 1982 suka shiga yankin Sinai na Masar, daga 2004 kuma suka kama gadin ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya a Bagadaza.

Ba wanda zai raina wahalar da suka sha. Ranar 18 ga Afrilun 1996 fararen hula ne maƙil a sansaninsu na ƙauyen Kana da ke kudancin Lebanon, sun gudo neman mafaka, sai ruwan bama-baman Isra'ila ya hallaka mutum fiye da 100. Sojojin Fiji ne suka yi ta kwasar gawarwakin. A Agustan 2014 mayaƙan Nusra, wata ƙungiyar 'yan tawayen Siriya, suka kama 45 daga cikinsu a tuddan Golan, sai bayan mako biyu aka sako su. Ga matashin ƙauye kuwa, alawus ɗin fita waje shi ne kwanon rufin ɗaki da kuɗin makarantar ƙanne.

Sai dai rundunar da ba ta da abokin gaba a waje, a gida take neman abin yi. Laftanar Kanar Sitiveni Rabuka, wanda ya jagoranci dakarun Fiji a Lebanon da Sinai, shi ne ya kutsa majalisar dokoki da sojoji masu rufe fuska ranar 14 ga Mayun 1987, ya kifar da gwamnatin Timoci Bavadra da ta yi wata ɗaya kacal. A 2006 shugaban rundunar, Frank Bainimarama, ya maimaita, ya riƙe ƙasar ba zaɓe har 2014. Kundin tsarin mulkin 2013 ma ya ɗora wa soja alhakin kula da tsaro da jin daɗin 'yan ƙasa baki ɗaya, wanda a ganina lasisin katsalandan ne a rubuce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne halin Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2013, da Ostiriya ta janye dakarunta daga Golan, wurin gwamnatin sojan Bainimarama aka je neman madadi, ana biyanta daloli kan kowane soja a kowane wata. Ƙasashe masu arziki ba sa son tura 'ya'yansu, don haka aka kau da kai. Ya kamata a kafa doka a fili: rundunar da ta hamɓarar da zaɓaɓɓiyar gwamnati ba za a sake ɗaukar ko soja ɗaya daga cikinta ba sai ta mayar da mulki hannun farar hula.