Me ya sa sai ɗan'uwa ya mutu hannunmu yake buɗewa?

'Yan'uwa cikin Kristi da ke Legas, salama gare ku. Akwai halin da ya kama ikilisiyoyinmu na Hausa, daga Agege har Mile 12 da Obalende, kuma ya kamata mu ji kunyarsa.

Ɗan'uwa zai kwanta sati uku a asibiti, matarsa tana yawo da takardar magani a ƙullin zani, ba ta samu kuɗin allura ba. A majami'a za a sanar, a ce mu sa shi a addu'a, shi ke nan. Ranar da ya cika kuwa, kafin la'asar an buɗe rukuni a WhatsApp. Zumuntar mata ta kawo nata, zumuntar maza ta kawo, 'yan ƙauyensu sun haɗa. Kuɗin mutuware, akwati, motar da za ta kai gawa Filato ko Kudancin Kaduna ko Adamawa, duk sun fito cikin kwana biyu. To ina kuɗin nan yake lokacin da yake numfashi? Kai gawa gida mutunci ne, ban hana ba. Amma wani ɓangare na kuɗin motar nan kaɗai da ya sayi maganin.

Yakubu 2:15-16 da mu yake magana: ka ce wa mai yunwa ya tafi lafiya ba ka ba shi komai ba, me ya amfana?

Yawancinmu masu gadi ne, direbobi, 'yan dako, masu aikin gida. Tun da aka hana acaba a ƙananan hukumomi 6 a Yunin 2022, aka kuma cire tallafin mai a Mayun 2023, mutane da yawa ba su da ajiyar ko sati ɗaya. Ciwo ba ya jiran taron dattawa na ƙarshen wata.

Dattawa, ku ware asusun taimako dabam da na gini, da masu sa hannu uku, a ciki har da mace, domin akwai damuwar da mace ba za ta faɗa wa namiji ba. A yanke adadin da biyu daga cikinsu za su iya fitarwa a ranar da aka kira su, ba sai kwamiti ya zauna ba. A biya kai tsaye a wurin biyan kuɗi na asibiti ko kantin magani, a karɓi rasit. Inda abin ke lalacewa shi ne a "aro" kuɗin a sayi siminti da alkawarin mayarwa bayan baikon godiya. Ba ya dawowa.

A kuma faɗa wa mutum tun farko: kyauta ce ko rance. In aka bar shi a duhu, bayan wata uku ma'aji ya fara yi masa kallon bashi, sai ya daina zuwa sujada don kunya, mu kuma mu ce ya ja da baya.

Ba kuɗi kaɗai ba. Asibiti kan nemi dangi su kawo masu ba da jini, mutumin da danginsa suke Arewa kuwa mu ne danginsa. A rubuta sunayen matasa masu lafiya da rukunin jininsu tun yanzu. A tsara wa zai kwana da majinyaci, wa zai kai abinci, wa zai kai yaran makaranta. Gwauraye da tsofaffi a yi musu rajistar Ilera Eko, inshorar lafiya ta jihar Legas, ikilisiya ta biya na shekara.

Kuma don Allah a daina buɗe littafin zakka kafin a taimaki mai ciwo. A daina kiran sunansa daga kan bagadi tare da adadin da aka ba shi, yaransa na zaune suna sunkuyar da kai. Ubangiji ya ce kada hagu ta san abin da dama ta yi. A daina tambayar wane zunubi ya aikata. Abokan Ayuba sun fi amfani a kwana bakwai ɗin da suka yi shiru.

Ranar Lahadin nan ka duba bencin da kake zama. Wa ya yi sati biyu ba ka gan shi ba? Kada ka jira sanarwa. Ka kira shi yau, in bai ɗauka ba ka shiga danfo ka je.