Fita ma ta zama da sauƙi kamar shiga

Lokacin bikin ƙanwata na yi rajista da wata manhajar gyaran hotuna don in haɗa mata kundi. Biki ya watse, na sha'afa, sai da na duba asusuna na ga an cire min Yuro 12 wata uku a jere. Gabana ya faɗi, don na san wahalar da ake sha a gida kafin a raba mutum da irin wannan ƙarfen ƙafa.

Minti biyu bai cika ba na soke. A nan Jamus, tun 1 ga Yuli 2022 doka ta wajabta wa kamfanin da ke ɗaukar rajista ta shafinsa ya sa maɓallin sokewa a fili. Na danna, na sa sunana, na sake dannawa, saƙon tabbaci ya shigo imel. Abin da ya fi burge ni: kamfanin da ya ƙi sa maɓallin, kana da ikon barinsa a duk ranar da ka ga dama, ba sai wa'adi ya cika ba. Idan kuma kai tsaye aka ja kuɗin daga asusunka ta tsarin SEPA, wato tsarin biyan kuɗi na bankunan Turai, kana da mako 8 ka ce banki ya maido, ba wanda zai tambaye ka dalili.

A makon nan Hajiyarmu take min ƙorafi daga Kano. An sa mata katin dubu, kafin ta kira kowa ya ragu, wai kuɗin waƙar kira da ba ta san ranar da ta nema ba. Na ce mu bi kadi. Ta ce, "Kai dai bar su da Allah, ɗan nan."

Wannan haƙurin yana ci min rai, domin ba mu rasa wurin kai kuka ba. A Nijeriya, hukumar FCCPC na nan don kare masu saye. Hukumar sadarwa ta NCC na da lambar 622, kyauta, idan kamfanin layi ya yi biris da kai. Sai dai talaka ya gaji da zirga-zirga a kan naira hamsin, kamfanoni kuma sun san haka. Shi ya sa nake ganin ya kamata dokarmu ta ɗora wa kamfani nauyin buɗe ƙofar fita, ba tsohuwar da ba ta karanta Turanci ba.

Daren nan na kira ƙanena na ce ya ɗauki wayar Hajiya ya kira kamfanin, ya rubuta lambar ƙorafin a takarda, in sun ja ƙafa ya buga 622.