Da me za mu auna masanin da ke binciken sankara?

In aka zo maganar ƙarin girma a jami'a, ko ana son yabon wani masani a Samaru, abin da ake fara buɗewa shi ne shafinsa na Google Scholar ko Scopus, a ga maƙala nawa ya wallafa, sau nawa aka ambace shi, h-index ɗinsa nawa ne. Jorge Hirsch ne ya kawo wannan ma'auni a 2005. In aka ce mutum yana da 20, to yana da maƙala 20 da kowaccensu aka ambata aƙalla sau 20. Yana da amfaninsa. Sai dai ga mai binciken ƙwayoyin halitta da sankara, ni a ganina matsayi na biyu ya dace da shi. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne me aikinsa ya canza wa matar da ta zo asibitin koyarwa na Shika da ƙullutu a mama.

A 1987 Dennis Slamon da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa a wasu nau'o'in sankarar mama ƙwayar gadon da ake kira HER2 tana ninkuwa fiye da kima, kuma irin wannan sankara ta fi saurin ci. Sai a 1998 aka amince da maganin trastuzumab, wanda yake nufar furotin ɗin da HER2 ke samarwa kai tsaye. Shekara 11 ke nan daga ɗakin gwaji zuwa gadon mara lafiya. Kusan ɗaya cikin biyar na masu cutar ke da wannan nau'i, kuma ba a gane su sai an gwada tsokar da aka yanko.

To a nan gizo ke saƙar. Gwajin HER2 da na ER, wato sinadarin da ke karɓar estrogen a ƙwayar sankara wanda samunsa ke nuna maganin tamoxifen zai yi aiki, ya dogara ne kacokan kan yadda aka kula da tsokar tun daga ɗakin tiyata. Ƙa'ida ita ce ta shiga ruwan fomalin mai kashi 10 cikin ɗari, wanda aka daidaita tsaminsa, kafin awa ɗaya ta cika da yanko ta. Ruwan ya ninka girman tsokar aƙalla sau goma. In babba ce a tsattsaga ta kamar kaurin milimita 5, domin fomalin a hankali yake ratsawa, tsakiya na iya ruɓewa alhali waje ya kamu. Ta zauna a ciki daga awa 6 zuwa 72. Idan aka bar ta a faranti har aka gama tiyata, ko aka tsinka fomalin da ruwan famfo don ya auku, ko ɗan'uwan mara lafiya ya kwana biyu da kwalbar a hanya, sinadarin da ake nema sai ya lalace. Sakamako ya fito cewa babu ER alhali akwai. Sai a hana matar tamoxifen, maganin da aka daɗe ana amfani da shi, mai sauƙin kuɗi, wanda da zai taimake ta. Masanin da ya tsaya ya gyara wannan hanya a asibitoci biyar na karkara ya yi aikin da babu h-index ɗin da zai nuna shi.

Ba ina cewa a bar bincike mai zurfi ba ne. Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago, tare da abokan aikinta na Ibadan, sun wallafa a 2018 cewa cikin matan Najeriya fiye da dubu masu sankarar mama da suka gwada, kusan kashi 7 cikin ɗari na ɗauke da illa a ƙwayar gadon BRCA1, kashi 4 kuma a ta BRCA2, illar da ke ƙara haɗarin kamuwa da cutar. Darajar aikin ita ce a jikin matanmu aka yi shi, kuma yana gaya wa likita ya tambayi tarihin uwa da 'yan'uwa mata.

Zariya ma tana da tata tambayar. Tun 1991 aka gano cewa gubar afulatoksin, wadda fumfunar gyaɗa da masara ke fitarwa in an adana su da danshi, tana barin tabo na musamman a gurbi na 249 na ƙwayar gadon TP53 a sankarar hanta, kuma haɗarin yana ƙaruwa sosai ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru mai kula da gyaɗa da masara, ga asibiti a Shika, tafiyar 'yan mintuna tsakaninsu. Binciken wannan tabo a jikin marasa lafiyarmu yana buƙatar firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili da wutar da ba ta yankewa, domin samfurin da ya narke ya sake daskarewa RNA ɗinsa, wato sinadarin da ke ɗauko saƙon ƙwayoyin gado, ya tafi.

Saboda haka kwamitin ƙarin girma da masu ba da tallafi irin su TETFund su ƙara tambayoyi a fom ɗinsu. Wane gwaji ake yi yanzu a asibiti dalilin aikin wannan masani? Ɗalibai nawa ya horar da za su iya gudanar da PCR, wato gwajin ninka ƙwayar gado don a iya gano ta, ba tare da ya tsaya a kansu ba? Samfuran da ya tara suna nan da rajistarsu yadda wani zai ɗora a kai, ko sun lalace tun ranar da man janareta ya ƙare?